Gashin leza mai sanyi da kaurin jijiyar tafin ƙafa: tambayoyi da amsoshi

Tun da tallar gashin leza, wato haska wurin ciwo da wani irin haske, ta fara yawo a WhatsApp da Facebook, masu fama da ciwon gindin yatsun ƙafa a nan Katsina suke ta maimaita tambayoyi kusan iri ɗaya. Mun tattara su a nan. Wanda yake sauri ya fara da tambayar ko hasken yana warkarwa, sannan ya wuce wadda ke kan takalmi.

Wane irin ciwo ne ake ce wa kaurin jijiyar ƙafa?

A gaban tafin ƙafa akwai dogayen ƙasusuwa biyar, kowanne ya tafi ya haɗu da yatsa ɗaya. A tsakaninsu akwai siraran jijiyoyi, ba na jini ba, irin waɗanda ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓawa. Kafin jijiyar ta rabu biyu ta shiga yatsu, sai ta bi ta ƙarƙashin wani zare mai tauri da ya ɗaure kawunan ƙasusuwan. A wannan mashigar ake matse ta. In matsin ya daɗe, rigar da ta lulluɓe ta sai ta yi kauri ta taurare, kamar yadda hannun manomi ke yin kanta saboda ƙotar fartanya. Wurin ya ƙara cunkushewa, ciwo ya ƙaru.

Ya fi faruwa tsakanin yatsa na uku da na huɗu in an fara ƙirga daga babban yatsa, sai kuma tsakanin na biyu da na uku. A katin asibiti za ka ga an rubuta Morton's neuroma, da sunan Thomas Morton, wani likitan tiyata na Filadelfiya a Amurka da ya yi bayaninsa a 1876. Lewis Durlacher, mai kula da ƙafar Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ya riga shi tun 1845, amma sunan Morton ne ya bi ciwon.

Likita ya ce kumburi ne a jijiya. Ba dai kansa ba ce?

Ba kansa ba ce, wato ba ciwon daji ba ne, ba ya rikiɗewa ya zama kansa, ba ya kuma yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki. Tabo ne da kauri a jikin jijiya. A waje ma ba a ganin komai, ƙafar lafiya lau take a ido, shi ya sa wasu matan ke shan gori a gida wai raki ne.

Yaya mai shi yake ji?

Kusan kowa da kalma ɗaya yake zuwa: kamar tsakuwa ta shiga takalmi, ko safa ta naɗe a ƙarƙashin yatsu, a cire takalmin a zazzage ba a ga komai ba. Sai raɗaɗi ko suka a tudun da ke gindin yatsu, wani lokaci ya harba zuwa yatsu biyu kamar lantarki ya ja mutum. Yatsun nan biyu kan yi minjirya ko su sage. Tafiya da tsayuwa suna tayar da shi, rufaffen takalmi ya fi tayar da shi, kuma da mutum ya samu wuri ya zauna, ya cire takalmi ya murza wurin, sai ya lafa. Wannan lafawar babbar alama ce. Yawanci ƙafa ɗaya yake kamawa, kuma ba kasafai yake tashin mutum daga barci ba.

Ni ban taɓa sa takalmi mai tsini ba. Me ya jawo min?

Gaskiya ne mata sun fi maza samunsa nesa ba kusa ba, kamar ninki huɗu ko fiye, galibi daga shekara 40 zuwa 60, kuma takalmi mai tsini da mai matsattsen baki su ne kan gaba wajen laifi. Ranar biki guda, daga kamu zuwa dina, ta isa ta tayar da wanda yake kwance. Amma maza ba su tsira ba. Sau-ciki mai siririn baki da ake sawa da babbar riga, but ɗin ɗan sanda da na ɗan bautar ƙasa, takalmin ƙwallo da aka saya a gwanjo bai kai ƙafa ba, duk matsi ɗaya suke yi.

Sai kuma aikin da ke ɗora nauyi a gaban ƙafa: malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da ke wuni a tsaye, tela mai taka keke, mai wanki ko girki a tsugune bisa yatsu. Wani kuma halittar ƙafarsa ce, ko shimfiɗaɗɗen tafi, ko mai zurfin lanƙwasa, ko babban yatsa da ya karkace ya danne 'yan uwansa. Ƙiba tana ƙara wa abin nauyi.

Ƙafafuna biyu ne suke zafi kamar an zuba barkono, kuma da dare ya fi. Shi ne?

Da wuya. Baba, kafin a yi maganar kowane haske, a auna maka suga. Ciwon suga yana lalata jijiyoyin ƙafa biyu lokaci guda, ya faro daga yatsu ya riƙa hawa, kuma da dare yake tsananta. Ƙarancin bitamin B12 yana yin haka, kuma wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin yakan rasa shi. Maganin tarin fuka mai suna isoniazid ma yana taɓa jijiya, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Ciwon da ya taso daga ƙugu ya bi bayan cinya har ƙafa kuwa, tushensa a baya yake.

Akwai wanda mutane ba sa son a ambata: kuturta. Ita ma tana kaurara jijiya, sai dai tata kaurin a kan ji shi a bayan idon sawu ko a gwiwar hannu, tare da wani tabo mai haske a fata wanda ko an tsikare shi ba a ji. Mutanen Katsina sun san tarihin asibitin kuturta na Babbar Ruga a kan wannan. Yau magani ne na wata 6 ko 12, kyauta, kuma in an fara da wuri ba ta cin yatsa. Wanda ya ɓata wata uku yana gashin leza alhali ita ce, ya yi wa kansa babbar asara.

A nan gindin yatsun ma akwai masu kama da shi: tsagewar ƙashi saboda yawan tafiya, yagewar zaren da ke riƙe gaɓar yatsa na biyu, amosanin gaɓɓai, da kanta mai ido. Duba amsa ta gaba kan yadda ake bambancewa.

An yi min hoton ƙashi ba a ga komai ba. Ke nan lafiyata ƙalau?

Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. Amfaninsa ya kore tsagewar ƙashi da lalacewar gaɓa. Mafi yawan lokaci hannun likita ne ke gano wannan ciwo: zai matse gaban ƙafar daga gefe biyu da hannu ɗaya, ya danna tsakanin yatsun da ɗayan. In ciwon da ka saba ji ya taso, har a ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin yatsa, an kusa tabbatarwa. Wani likita ɗan Holan mai suna Mulder ne ya bayyana wannan gwaji a 1951.

In ana son gani da ido, sikanin irin na masu ciki yana nuna shi a hannun wanda ya saba duba ƙafa, kuma ya fi hoton babbar na'urar MRI sauƙin kuɗi sosai. Sai dai a yi hattara da sakamakon: an sha ɗaukar hoton mutanen da ba sa jin ciwon komai, aka ga kusan ɗaya cikin uku yana da ɗan wannan kauri. Wanda ya haura milimita 5 ya fi zama shi ne mai laifi. Don haka hoton kaɗai ba ya yanke hukunci, sai ya dace da inda kake nunawa da yatsa.

To mene ne leza mai sanyi? Ƙona wurin ake yi kamar lalas?

A'a. Lezar da likitocin ido da na tiyata ke yanka ko ƙonawa da ita daban take. Wannan mai raunin ƙarfi ce, daga miliwat 5 zuwa 500, ba ta yanka, ba ta ƙona, yawanci ko ɗumi ba a ji. Ba wai sanyi take fitarwa ba, zafin ne babu. Na'urar tana da kai kamar ƙaramar tocila da ake ɗorawa a kan fata, tana fitar da jan haske ko wanda ke gaba da ja da ido ba ya gani.

Asalinta daga Hangari ne. A 1967, shekara 7 bayan ƙera leza ta farko, wani likita a Budafes mai suna Endre Mester ya haska ta a bayan ɓerayen da aka aske, ya lura gashinsu ya fi saurin tsirowa. Daga nan aka shiga gwada ta a kan miki da ciwon gaɓɓai. Yanzu akwai wasu na'urorin da suka haura miliwat 500, waɗanda ake jin ɗuminsu sosai kuma sai an riƙa motsa kan don kada su ƙona. Wasu wuraren duk leza suke ce musu, don haka ka tambaya wacce za a sa maka.

Ta yaya haske zai rage ciwon da ke cikin nama?

Bayanin da masu bincike suka fi bayarwa shi ne, a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan sassa masu samar mata da kuzari, ana kiransu maitokondiriya, kuma wani sinadari a cikinsu yana shan jan haske. In ya sha, ƙwayar takan ƙara kuzari, ƙananan hanyoyin jini su buɗe, kumburi ya ragu, siraran jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi su ɗan lafa. An ga wannan a ɗakin gwaji da jikin dabbobi.

Inda gizo ke saƙar shi ne zurfi. Fata tana shanye mafi yawan hasken tun a milimitocin farko, jijiyar kuwa tana can tsakanin ƙasusuwa. Abin da ke isa gare ta ɗan kaɗan ne. Kuma ba a cewa a ƙara yawa don ya fi aiki: in adadin ya gaza ba ya komai, in ya wuce kima amfanin yakan koma baya.

A taƙaice, yana warkar da shi ko ba ya warkarwa?

Ba ya narkar da kaurin, ba ya kuma buɗe mashigar da ke matse jijiyar. Abin da za a iya sa rai shi ne ya rage raɗaɗi da kumburin da ke kewaye, ga wasu mutane, na wani lokaci. Duk wanda ya ce maka zama goma zai cire shi gaba ɗaya, ya faɗi abin da bincike bai nuna ba.

Hasken yana da wuraren da hujjarsa ta yi ƙarfi. Misali gyambon baki da ke samun masu shan maganin ciwon daji: hukumar NICE mai tantance hanyoyin magani a Birtaniya ta amince da shi a kan wannan a 2018. A ciwon wuya da wasu ciwukan gaɓɓai ma akwai gwaje-gwaje masu dama, ko da yake sakamakonsu ya sha bamban. A kan kaurin jijiyar ƙafa kuwa, abin da ke akwai rahotanni ne na mutane kaɗan, galibi ba tare da an kwatanta su da waɗanda aka ɗora wa na'urar a kashe ba. A 2024 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken lafiya, ta duba magungunan wannan ciwo, gwaje-gwaje 6 kacal suka tsallake sharuɗɗanta, mafi yawansu kuma kan allura ne. Masu talla suna son ambaton cewa hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta ba da izini. Ta fara ba irin waɗannan na'urori izinin shiga kasuwa a 2002, amma a kan ciwon wuya da kafaɗa da na wuyan hannu. Izinin sayar da na'ura ba shaida ba ce cewa tana maganin duk abin da aka rubuta a takardar talla.

A ganinmu matsayinsa shi ne ƙari. Wanda aka tabbatar masa da ciwon, ya gyara takalmi, ya manna ɗan matashi a cikinsa, yana gudun allura ko suga ya hana shi, kuma kuɗin ba zai taɓa cefanen gida ba, babu laifi ya gwada da iyaka. Wanda zai fara da shi yana kuma komawa cikin takalmin da ya jawo ciwon, kuɗinsa kawai zai ƙare.

Amma maƙwabciyata ta yi, ta ce ta ji daɗinsa.

Ba ƙarya ta yi ba. Mai yiwuwa hasken ya taimaka mata. Sai dai ki tambaye ta me kuma ta canza a makonnin nan. Kusan duk mai zuwa gashi an ce masa ya bar wancan takalmin, ya rage tsayuwa, kuma a kowane zama ana murza masa ƙafa. Ciwon da kansa ma mai tashi da kwanciya ne, mutum kuma ba ya neman magani sai ranar da ya fi tsanani, daga nan ko ba a yi komai ba sauƙi yakan biyo baya. Ga kuma natsuwar da ke zuwa in ana kula da mutum, wadda ita ma tana rage jin zafi da gaske.

Yaya zaman yake, kuma sau nawa ake yi?

Za ka zauna ko ka kwanta, a goge ƙafar, a ba ka tabarau na musamman, shi ma mai yi ya sa nasa. Sai a ɗora kan na'urar tsakanin ƙasusuwan, ta sama da ta ƙasa, wuri bayan wuri. Minti 5 zuwa 15 an gama, ka sa takalminka ka tafi. An saba yin sau 2 ko 3 a mako, zama 6 zuwa 12 gaba ɗaya.

Shawararmu, kafin zaman farko ka rubuta abu biyu a takarda: ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, da minti nawa kake iya tafiya kafin ya tsayar da kai. Bayan zama na shida ka sake aunawa. In ba abin da ya motsa, ka tsaya, ka koma wurin likita a duba mataki na gaba. Kada a ce maka sai an kai ashirin yake fara aiki. Kuma kada ka biya kuɗin zama goma sha biyu a dunƙule tun ranar farko.

Baƙar fata, kaushi da lalle suna hana shi aiki?

Suna da tasiri, kuma ba kasafai takardun da ke zuwa da na'urorin ke kula da wannan ba. Sinadarin da ke sa fata duhu yana shan haske, don haka fatarmu tana tare kaso mafi yawa a sama, tana kuma saurin ɗaukar zafi, musamman da na'ura mai ƙarfi. Mai yi ya kamata ya daidaita adadin da fatar da ke gabansa. In kin ji zafi ko suka, ki faɗa nan take, ba jarumta ba ce yin shiru.

Kaushi da kanta a tafin ƙafa, waɗanda hunturun Katsina ke ƙara wa kauri, su ma shinge ne, shi ya sa haskawa ta saman ƙafa inda fata ta fi laushi take da muhimmanci. Lalle, musamman baƙi, ya fi kyau a bari ya goge daga wurin, ko a jinkirta ƙunshi har a gama. A zo da ƙafa a wanke, ba man shafawa ba man zafi.

Yana da illa? Wa bai kamata ya yi ba?

A hannun wanda ya iya, illarsa kaɗan ce: ɗan ja ko ƙaruwar ciwo na kwana ɗaya. Babban haɗarinsa ido ne, domin yana iya lalata gani ko da ba a ga hasken ba. Wurin da ba a ba ka tabarau ba, tashi ka fita. Ba a haska shi a kan ciwon daji, ko cikin mai juna biyu, ko maƙoshi. Mai ciki da ƙafa ke damunta ta sanar kafin a fara, haka mai farfaɗiya, da mai shan maganin da ke sa fata jin rana kamar doxycycline, da wanda aka yi wa allura a wurin kwanan nan.

Mutum biyu muke ja wa kunne na musamman. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta sage ba zai ji ba in na'ura mai ƙarfi tana ƙona shi. Sai wanda ke da baƙin tabo a tafin ƙafa da yake girma, ko yake canza kama, ko yake zubar da jini: a jikin baƙar fata, tafin ƙafa ne wurin da muguwar kansar fata ta fi fitowa. Likita ya gani tukuna.

Ina zan nufa a Katsina ko Daura?

Ka fara da likita, ba da na'ura ba. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda da ake kira FMC, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi da aka fi sani da aikin ƙashi, da Babban Asibiti. Mutumin Daura ya fara da asibitin gwamnati na garin, in da buƙata a tura shi gaba. Abin da ya gagara akan miƙa shi Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. In an tabbatar da ciwon, sashen gashi, wato fisiyo, shi ne inda za ka tambayi leza, kuma ka tambaya kafin ka hau mota ko akwai ta, ko tana aiki.

A wuri mai zaman kansa ka nemi sanin ko mai yin yana da rajista da MRTB, hukumar da ke ba likitocin fisiyo lasisi a Najeriya. Ka tambaye shi ƙarfin na'urarsa, da adadin da zai ba ka, da ranar da za a tsaya a auna ko ana ci gaba. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Sannan ka yi lissafi da kuɗin mota: daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa sau uku a mako, ga aikin da za a bari. Sau da yawa wannan ya fi kuɗin gashin kansa.

In sayi tawa a intanet in riƙa yi a gida mana?

Yawancin masu arhar nan ba leza ba ce, ƙananan fitilu ne ja, kuma ba sa faɗin ƙarfinsu na gaskiya. Wadda aka ce tana maganin suga da hawan jini da basir da ciwon ƙafa duk ita kaɗai, wannan ma ya ishe ka amsa. NAFDAC ce ke yi wa kayan aikin lafiya rajista, ka duba lambarta. Ta gaskiyar kuwa haɗari ce a gidan da yara suke, don sai sun haska wa juna a ido. Jar fitilar nan mai zafi da ake gasa baya da ita a sashen gashi ma wani abu ne daban, ɗumi take bayarwa kawai.

Wane takalmi zan sa, kuma mene ne matashin da ake ta faɗa?

Nan ne maganin farko yake, kuma shi ya fi kowanne arha. Taka farar takarda a tsaye, wani ya zagaye ƙafar da biro, sannan ka ɗora takalminka a kan zanen. In zanen ya leƙo ta gefe, takalmin nan ya gama aiki a ƙafarka, komai tsadarsa. Ana son mai faɗin baki da yatsu za su baje a ciki, da sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, ƙasa mai kauri da ba ya naɗewa, dunduniya gajera. A je sayensa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada ƙafa biyu a tsaye. Silifas ɗin roba ba ya matsi, amma siriri ne, kuma yatsu suna ƙanƙame shi a kowane taku. Sandal mai kaurin ƙasa da maɗauri a baya ya fi shi. Hajiya, na biki a riƙe shi a jaka, a sa lokacin hoto, a cire.

Matashin ɗan tudu ne na roba ko soso mai tauri da ake mannawa cikin takalmi don ya ɗaga tsakiyar ƙafa, ƙasusuwan su buɗe, jijiyar ta samu sarari. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa shi daidai inda ke ciwo. A bayan wurin ake sa shi, wajen tsakiyar tafi, dab da inda tudun gindin yatsu ya fara. Ka shafa ɗan janbaki ko alli a inda ke ciwo, ka taka cikin takalmin, ka manna matashin a bayan alamar. In ba a samu na kanti ba, baduku ko shumeka zai yanka maka in likitan fisiyo ya nuna masa girma da wuri. A ba wannan gyara wata 2 zuwa 3 kafin a ce bai yi ba.

Sujada da zaman tahiya suna tayar min da shi. Yaya zan yi? Kuma gashin yana karya azumi?

Lanƙwasa yatsu sama yana miƙe jijiyar a kan zaren nan da muka ambata a amsar farko, shi ya sa kafe ƙafar dama a zaman tahiya yake yi wa wasu wuya. Darduma mai kauri tana taimakawa. In ciwon ya yi tsanani, addini ya yi sauƙi ga mara lafiya, hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari sananne ne a kan yin salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa. Malaminku zai nuna maka yadda za ka sassauta zaman. A wajen salla kuwa, kujera 'yar tsuguno wajen alwala da wanki da girki ta fi tsugunawa bisa yatsu. Gashin haske ne a kan fata, ba abin da ke shiga ciki.

Ƙaho, tsaga ko man zafi fa?

Ba mataccen jini ba ne, don haka ƙaho ba shi da abin da zai zuƙo. Tsaga da sakiya a tafin ƙafa suna barin tabo a wurin da ake takawa kullum, ga mai suga kuma suna iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Man zafi da murzawa ba su da laifi in fata lafiya take. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 10 bayan doguwar tafiya tana kwantar da shi. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi na ɗan lokaci, amma shan su wata da watanni, musamman haɗin kemis da ba a san abin da ke ciki ba, yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Tramadol ba maganin wannan ba ne.

Allurar da ake yi a wurin, ta fi leza?

Ta fi ta hujja. Sitiroyid ne haɗe da maganin kashe zafi ake zubawa kusa da jijiyar, kuma in da sikanin ana kallon bakin allurar ta fi sauka daidai. Mutane da yawa suna samun sauƙi na watanni, wasu ciwon ya dawo. Ba a yawaita ta, biyu zuwa uku ne iyaka a wuri ɗaya, domin tana iya narkar da kitsen da ke kare tafin ƙafa, ta raunana zaren gaɓa, ta kuma bar farin tabo da ke fitowa sarai a baƙar fata. Tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, mai ciwon suga ya sanar tun farko. Ba allurar kemis ba ce, aikin likita ne. A manyan cibiyoyi akwai kuma kashe jijiyar da zafin igiyar rediyo ko da daskarewa.

Yaushe ake kai wa ga tiyata?

In an yi watanni ana gyaran takalmi da matashi, an yi allura, ciwon kuma yana hana aiki. Likitan ƙashi ko dai ya yanke zaren da ke danne jijiyar, ko ya cire ɓangaren da ya yi kauri, yawanci ta saman ƙafa. Kusan takwas cikin goma suna gamsuwa. In an cire, tsakanin yatsun nan biyu zai sage har abada, kuma wani lokaci kututturen jijiyar yakan sake yin ƙulli mai ciwo. Ana cire zaren ɗinki bayan kamar mako 2, komawa takalmin yau da kullum yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, kumburi kuma ya fi haka daɗewa. Sigari da sugan da ba a daidaita ba suna jinkirta warkewa.

Na biya kuɗin kujerar Makka. Me zan yi kafin tafiya?

Alhaji, ka fara tun yanzu, ba saura mako biyu ba. Safa da Marwa kaɗai sun haura kilomita 3, ga ɗawafi a kan daɓen marmara, ga zuwa jifa daga Mina da dawowa. Ka sayi takalmin ihrami mai faɗi da kaurin ƙasa, a manna masa matashi, ka yi ta tafiya da shi a gida har ƙafa ta saba, ka kuma tafi da na biyu. Mata suna iya sa safa mai kaurin tafi a cikin Harami. In likita ya ga allura ta dace, a yi ta makonni kafin tashi don a ga yadda ta karɓe ka. Tiyata dab da tafiya ba dabara ba ce. In leza kake son gwadawa, ka gama zagayenka ka auna sakamakon kamar yadda muka faɗa a amsar yawan zama, tun da sauran lokacin canza shawara. Ka gaya wa likitocin tawagar jiha halin da kake ciki lokacin gwajin lafiyar maniyyata, kuma ka ware kuɗin keken turawa ko da ba za ka hau ba.